Shaidar da Na Ƙi Bayarwa

Mu Hausawa ne, kuma Kirista ne tun daga kan kakanninmu. Na fara da wannan ne don na gaji da amsa tambayar a kasuwar Daura, inda mai tumatir zai ji Hausata, ya ga ɗan gicciyen da ke wuyana, ya saki baki yana kallona kamar ya ga akuya da takalmi. Aikin koyarwa ne ya kawo maigidana garin, ni kuma aure ya kawo ni. Majami'armu 'yar ƙarama ce a bayan gari. Ba mu da yawa, kowa ya san miyar da aka kaɗa a gidan kowa. A irin wannan wurin na zama 'yar kodin, na kuma yi shekara guda cur ba wanda ya gane.

Tari ne mafarin abin. Bayan na haifi 'yata ta fari sai wani busasshen tari ya sa ni gaba, ga shi ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Na je kemis aka ba ni maganin tari na kwalba. Tarin ya tafi cikin mako guda, ni kuwa na ci gaba da saye. Ba zan yi wa kowa ƙarya in ce ban ji daɗinsa ba. In na sha sai duniya ta yi laushi, kukan jaririya ya koma can nesa, kewar gida ta sake ni. Sana'ata zoɓo ce, don haka ɓoyewa ba ta ba ni wuya ba. In tsiyaya shi cikin gorar zoɓo, in tafi koyon waƙa da abina a hannu, ina kurɓa a gaban matar fasto. Har yaba mini suke yi wai muryata ta ƙara zaƙi.

Ranar da asirina ya tonu da hantsi ne. Yarinyar tana da shekara ɗaya da wata biyar, ta fara tafiya ke nan. Na sauke tukunyar zoɓo daga wuta, na zauna a tabarma na jingina da bango, wai in ɗan huta. Ihun maƙwabciyata ne ya tashe ni. Ita da ke bayan katanga ta ji kukan, ta fito ko mayafi babu, ta banko ƙofa. Ni da ke taku uku daga tukunyar ban ji komai ba. Yarinyar ta tsoma hannunta na hagu har wuyan hannu. Na daɗe da yafe wa mutane da yawa abubuwa da yawa, amma wannan barcin har yau ban gama yafe wa kaina shi ba.

Da muka dawo daga asibiti maigidana ya birkice ɗaki, ya tarar da kwalaben a cikin wani tsohon tulu da ke bayan buhun gero. Washegari surukata ta iso daga Mai'adua, inda take zaune wajen yayan maigidana mai gyaran babura. Inna muke ce mata. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki yarinyar ta goya, ta gaya wa maƙwabta cewa yaye ta zo ɗauka, kamar yadda kowace kaka ke yi. Ta rufa mini asiri a waje, wannan kam na yaba mata. A ɗaki kuwa ta dube ni ta ce, "Ranar da kika tsaya gaban ikilisiya kika ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da ke, ranar zan kwance ta daga bayana in ba ki. Kafin nan kada ki tambaye ni."

A wannan makon shugabar zumunta ta aiko aka karɓi zanen zumuntata da ɗankwalinsa. Wasu mata suka zo gaishe ni, suna cewa in yi haƙuri, ai 'yar fari dama ta kaka ce, kada in nuna ƙulafuci a yi mini dariya. Na ce musu ni ban iya kunyar 'yar fari ba, 'yata nake so, kuma duk mai dariya ta yi har haƙoranta su zube. Suka tattara zannuwansu suka fita suna cewa har yanzu abin bai sake ni ba.

An gwada mini azumin kwana uku. An ɗora mini hannuwa har wuyana ya yi ciwo, ana daka wa aljanin kwalba tsawa ya fita. Ban raina addu'ar kowa ba, amma ranar da aka sha ruwa, da yamma ina kemis.

Sai maigidana ya kai ni wajen wata dattijuwa da kowa ke kira Mama. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, da ta yi ritaya ta je ta koyi aikin ba da shawara a wata makarantar ikilisiya, ta dawo ta roƙi a ba ta ɗan ɗakin da ke bayan majami'a, inda ake jibge karyayyun bencina da ganguna. Nan take ganin irinmu, kowa da ranarsa. Tawa Talata ce, bayan la'asar. Na shiga da bakina a wase, ina jiran ta fara wa'azi in ba ta amsa. Sai ta nuna mini benci, ta ce, "Yau kin sha?"

Na ce, "A'a, Mama."

Ta sauke tabarau ta ce, "Ɗiyata, shekara talatin na yi ina duba idon mutane a asibiti. Sake amsawa."

Na sake amsawa. Ta ce madalla, yanzu ne muka gaisa. Ta gaya mini dokar ɗakin guda ɗaya ce: a nan ba a ba da shaida, abin da ya faru kawai ake faɗa. Washegari da kanta ta raka ni wajen likita. Da na ce ina tsammanin addu'a za mu yi, sai ta ce wanda ya ba mu addu'a shi ya ba likita ilimi, kada in raba masa kayansa.

Makonnin farko ba na so in tuna su. Gudawa, zufa, hamma ba iyaka, gaɓoɓina kamar an daka su a turmi. Na zagi maigidana, na zagi Mama, na ce mata ita ma da ba ta da aikin yi ne take bin rayuwar mutane. Ta ce haka ne, sai Talata. Tana buɗe Maganar Allah ta karanta aya biyu ko uku, ba ta wuce haka, sannan ta ce ni zan yi addu'a. Wata rana na ce ba zan yi ba, fushi nake da Allah, yana gani ya bar yarinya ta ƙone. Na zaci za ta toshe mini baki. Sai ta ce, "To gaya masa mana. Ba kurma ba ne, ba kuma yau ya fara jin irin wannan ba." Na gaya masa, da ƙarfi, ina kuka da majina. Ita ce addu'ar gaskiya ta farko da na yi tun da na yi aure.

Ta yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini. Wane lokaci ne abin ya fi taso mini? Da hantsi, in maigida ya tafi makaranta gida ya yi tsit. Wace hanya nake bi zuwa kasuwa? Ta gaban kemis. Ta sa na sauya hanya, na koma zagayawa ta bayan tashar mota ko da ya fi nisa. Ta sa na je na roƙi maƙwabciyata in riƙa dafa zoɓona a tsakar gidanta. Matar wani mai fataucin dabbobi ce, Musulma, ita ce wadda ta banko ƙofa ranar nan. Ta san komai, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga maganar ba. In ta ga na fara hamma ina soshe-soshe sai ta turo mini tiren gyaɗa ta ce in taya ta ɓara.

Haka na yi wata biyar ko ɗigo ban sha ba. Kaka ta yi, aka sa ranar Lahadin godiya, ranar da kowa ke kawo damin gero da dawa da wake da kaji a jibge gaban bagadi, a kuma ba da shaidar abin da Ubangiji ya yi a shekara. Fasto ya kira ni ya ce dattawa sun zauna, sun ga ni ce zan rufe shaidun. An riga an aika wa Inna, za ta zo da yarinyar. Shugabar zumunta ma ta sa an wanke zanena an goge.

Na san abin da shaida take nufi a wajenmu. Duk wanda ya tsaya ya ce an warkar da shi, an rufe maganarsa ke nan. In aka sake ganinsa yana shiga ɗakin Mama, kamar ya ce aikin Allah bai kammala ba ne, kuma ba mai son a ce shi ya faɗi haka. Akwai wani ɗan acaɓa mai kai kaya Kongolam, can bakin iyaka, da ya riga ni zuwa wajen Mama saboda ƙwaya. Wata ɗaya ya yi aka tsayar da shi ya ba da shaida, mata suka rangaɗa guɗa. Daga ranar kunya ta hana shi komawa ɗakin. Kafin damina ta zagayo an tsince shi a yashe bakin tasha, kuma ban ga ko ɗaya daga cikin masu guɗar ya je ɗaga shi ba.

Duk da haka da na ba da shaidar, don a lokacin ni ma na ɗauka na gama. Amma saura kwana tara na shirya na tafi Mai'adua in ga yarinyar, in kai mata 'yar rigar da za ta sa. Tana ganina ta ruga ta ɓuya bayan Inna. Na tsuguna, na miƙa hannu, na kira ta. Ta leƙo ta dube ni irin kallon da ake yi wa baƙuwa, ta ƙara ƙanƙame zanen kakarta tana kiranta Mama. Na ga tabon hannun, fatar ta yi fari ta tattare. Na ci tuwon da aka ba ni, na yi godiya, na hau mota. Da na sauka Daura ban zagaya ta bayan tasha ba. Mutane kan ce ƙafafunsu ne suka kai su. Ni dai ni na kai nawa, ina sane, na saya, na shiga wani lungu na kafa kai. Rabi na sha. Sauran ma ba tsoron Allah ya sa na zubar ba, amai ne ya taso mini.

Ranar Talata ban jira Mama ta tambaya ba. Ta saurara har na gama, ta ce faɗuwa ɗaya ba ta share wata biyar, amma ta nuna mana inda ramin yake. Na ce, "Mama, Lahadi fa?"

Ta ce, "Ba zan tona ki ba, abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan yake kwana. Amma in kika ce kin warke, kada ki nemi hannuna cikin masu tafi."

"In na faɗi gaskiya Inna za ta koma da ita."

"Za ta iya."

"To me zan yi?"

Ta ce, "Tambayi kanki wa zai kasance tare da yarinyar da hantsi, bayan an gama guɗa."

Na ji haushinta ƙwarai. Na so ta ba ni umarni in bi, ko in ƙi bi in sami wanda zan ɗora wa laifi. Da na gaya wa maigidana sai ya riƙe kai. Mutum ne mai haƙuri, ya sha wuya a kaina, kuma shi ma yana kewar 'yarsa. Ya ce, "Don Allah ki ce kin warke mu karɓi yarinyarmu. Sau ɗaya ne fa. Sauran sai mu ji da shi a cikin gida." Na ce a cikin gidan ne ai ta ƙone. Ya ɗauki takardun ɗalibansa ya fita tsakar gida.

Ranar Lahadi majami'a ta cika har waje. Kaji na kuka a gaban bagadi, 'yan zumunta sun sha anko suna buga tulu da kacau-kacau. Inna na benci na biyu da yarinyar a cinya, sanye da rigar da na kai. Shugabar zumunta ta ɗora zanena a ninke kan gwiwarta. Aka yi shaidar haihuwa, aka yi ta samun aiki, aka yi ta wanda motarsu ta kife ya fita lafiya. Sai fasto ya ce yanzu za mu ji babban abin da Ubangiji ya yi a tsakiyarmu, ya miƙo mini abin magana. Tun ban buɗe baki ba wata ta fara guɗa.

Har na tashi daga mazaunina ban san abin da zan faɗa ba. Guɗar nan ce ta tunzura ni. Na ce, "Ki dakata da guɗar, Yaya, ki ji tukuna." Guɗar ta tsaya. Na ce, "An ce in zo in ce na warke. Ban warke ba. Na yi wata biyar ban sha ba, wannan kuwa ba ƙarfina ba ne, Ubangiji ne, kuma ina gode masa a gabanku. Amma kwana tara da suka wuce na sha. Yau kwanana tara. Jibi Talata zan koma ɗakin bayan nan, ta ƙofar gaba zan bi, duk mai son kallo ya fito ya kalla. Ba zan karɓi 'yata da ƙarya ba, don na san abin da ƙaryata ta yi mata."

Ban san sauran abin da na so faɗa ba, don fasto ya zare abin maganar daga hannuna a hankali, ya ce mu rera waƙa. Aka rera ta kamar ana jan ta da igiya. Na dubi maigidana, kansa na ƙasa. Na dubi Mama, tana goge tabarau da gefen zane. Ba ta tafa ba, ba ta kuma kalle ni ba.

Bayan an tashi daga majami'a dattawa suka zauna da ni. Ɗaya ya ce na kunyata ikilisiya a gaban baƙi. Wani ya ce na rage wa Allah ɗaukaka a ranar godiya. Na ce, "Baba, da na yi ƙarya da ɗaukakar ta ƙaru?" Ya ce ga irinta nan, ba ladabi. Aka yanke mini horo na wata uku: bencin baya, ba waƙa, ba Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a. Na ce na karɓa. Kafin in fito Inna ta riga ta goya yarinyar ta nufi tasha, ko sallama ba ta yi mini ba. Na tsaya a bakin majami'a ina hango ɗan kan yarinyar yana lilo a bayanta har suka sha kwana. A nan ne ƙarfin halin ya ƙare. Na zauna a ƙasa da kayan Lahadina na yi kuka, ina cewa a raina wace irin wawuya ce ni.

Amma ban sha ba. Ranar Talata na bi ta ƙofar gaba kamar yadda na ce. Kowace Lahadi nakan riga kowa zuwa, in share bencin bayan nan in zauna a tsakiyarsa, in gaida duk mai shigowa da sunansa. Masu son su ga na sunkuyar da kai sun gaji da jira. An hana ni ba da waƙa, amma ba a hana ni amshi ba, don haka daga can baya nake ɗaga murya har masu tulu su waiwayo.

Sati shida bayan haka, ina gidan maƙwabciyata muna tace zoɓo, sai ga Inna da ƙullin kayanta a ka da yarinyar a baya. Na miƙe na nufe su. Ta ce, "Kada ki yi murna, ba kawo miki ita na yi ba. Zuwa na yi in zauna a kanki." Na ce, "Sannu da zuwa, Inna, ɗaki a share yake."

Ta kuwa zauna a kaina. Duk gorar da na ɗauka sai ta karɓa ta shinshina. In na dawo daga kasuwa sai ta ce in matso ta ga idona. Ta zazzage tulun nan, ta zazzage buhun gero, har cikin akurkin kaji ta leƙa. Da farko abin na ci mini rai, daga baya sai na riƙa miƙa mata gorar tun ba ta tambaya ba, in ce, "Inna, a duba mana." Takan yi mini kallon hadarin kaji, amma sai ta shinshina. Ita ke yi wa yarinyar wanka, ita ke goyonta, a bayanta take kwana. Ni dai an yarda in ba ta abinci a baki, Inna na zaune tana kallo. Sau biyu ta bi ni ɗakin Mama ta zauna a bakin ƙofa. Ban san abin da suka tattauna ba ranar da Mama ta ce in ba su wuri.

Horona ya ƙare, aka maido ni cikin jama'a, aka ba ni zanena. Da wata godiyar ta zagayo fasto ya sake tuntuɓata ko yanzu na shirya. Na ce masa in ana son in tsaya in ce yau ban sha ba, kullum a shirye nake, amma waccan kalmar ba za a ji ta a bakina ba. Shekaru sun wuce yanzu, har yau ban ba da shaidar da suke so ba.

A wancan zuwan Inna ta yi wata huɗu a gidanmu. Wata safiya bayan maigida ya tafi makaranta sai na ga ta ɗaure ƙullinta, ta yafa mayafi, ta sa takalmi. Yarinyar na tsakar gida tana wasa da murfin kwano. Inna ta ce za ta koma Mai'adua, an bar mata awaki a hannun mutanen da ba su san darajar dabba ba. Ta ɗora kaya a ka ta nufi ƙofa. Na bi ta da sauri, na ce, "Inna, yarinyar fa?"

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni na haife ta?"

Ta fita ta ja ƙofa. Yarinyar ta ɗaga kai ta ga ba kakarta, ta ƙwalla ƙara ta ruga ƙofa tana dukanta da hannu biyu. Na ɗauke ta, ta shure ni, ta yakushe ni a wuya, tana miƙa hannu wajen ƙofa tana kiran Mama, kuma na san ba ni take kira ba. Maƙwabciyata ta yi magana ta katanga ko in miƙo mata ita. Na ce a'a, ta bar mini. Na zauna a tabarma na rungume ta, tana banƙarewa ina ƙara riƙewa. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta yi barci a ƙirjina tana ajiyar zuciya. Hannuna ya mutu, ƙafata ta yi tsami, rana ta iso inda muke zaune. Ban motsa ba, idona biyu, har ta farka.